Yadda ake hasashen lokacin buɗe sabon jirgin lilo a manyan wuraren wasa

Masu sha'awar jirgin lilo, wato wanda ke gudu a kan dogo yana hawa sama yana rikitowa ƙasa, sukan shafe watanni suna gardama a kan ranar da za a buɗe wani sabo, kuma yawancinsu jita-jita kawai suke bi. Alhali kuwa aiki irin wannan ba ya ɓoyuwa, domin yana barin sawu a ofisoshin hukuma da kuma filin gini tun kafin kamfani ya ce uffan.

Ka fara da takardun neman izinin gini, domin su ne shaida ta farko da za ka iya dogara da ita. A Ingila, wurin wasa na Thorpe Park ya miƙa wa ƙaramar hukumar Runnymede takardunsa a shekarar 2022 da sunan ɓoye na Project Exodus, kuma jirgin da aka sa wa suna Hyperia daga baya, mai tsayin mita 72, ba a buɗe shi ga jama'a ba sai ranar 24 ga Mayu, 2024. A Orlando ta Amurka, kamfanin Universal ya fara share filin jirginsa mai suna VelociCoaster a 2019, ya ƙi amsa cewa yana gina komai har zuwa Satumbar 2020, sannan ya buɗe shi ranar 10 ga Yuni, 2021. Saboda haka idan ka ga takardun babban jirgi sun shiga ofis a bana, ka sa ranka a shekara biyu zuwa uku, kada ka sa shi a baɗi.

Daga nan sai ka zuba ido a kan filin. Haƙa ramuka da zuba kankare na ginshiƙai su ne suka fi cin lokaci, kuma a wannan mataki mutane da yawa kan ɗauka aiki ya tsaya, saboda daga nesa ba a ganin komai sai laka da motocin haƙa. Da zarar manyan motoci sun fara sauke guntayen dogo masu fenti daga masana'anta, irin su Intamin ko Mack Rides, to aikin ɗaurawa yakan yi sauri, har ka ga siffar jirgin ta miƙe cikin 'yan watanni.

A nan ne kuma mafi yawan masu hasashe ke tafka kuskure, kuma shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Ɗaura guntun dogo na ƙarshe ba ya nufin an kusa buɗe ƙofa. Akwai sauran aikin wayoyin lantarki, da na'urorin birki, da kwamfutar da ke hana taragai yin karo da juna, da ginin tashar hawa. Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ranar da ka ga tarago yana zagaya dogo ɗauke da mutum-mutumin roba da aka cika da ruwa, an ɗaure su a kujeru don su yi nauyin fasinjoji. Hyperia ya fara irin wannan gwaji a watan Afrilu, aka buɗe shi a ƙarshen Mayu. Amma jirgin Iron Gwazi na wurin wasan Busch Gardens da ke Tampa a jihar Florida ta Amurka ya fara gwaji a farkon 2020, annobar korona ta shigo, bai buɗe ba sai watan Maris na 2022, yana tsaye a kammale mutane na hangensa.

Kalandar wurin ma tana da nata hukuncin. Wuraren da ke rufewa lokacin sanyi, kamar Cedar Point a jihar Ohio ta Amurka, sukan sanar da sabon jirgi a watan Agusta, su buɗe shi a farkon Mayun da ke biye, lokacin da kakar wasa ke farawa. Wuraren da ke aiki duk shekara, irin na Florida, sun fi 'yancin jinkirtawa, misali jirgin TRON na wurin wasan Disney da ke can, wanda aka sanar a 2017 da niyyar buɗewa a 2021, ya kai 4 ga Afrilu, 2023.

Idan ka haɗa waɗannan alamu, ka yanke hasashenka a kan tsawon wata biyu ko uku, domin rana guda sa'a ce kawai ke dacewa da ita. Idan kuma tafiya za ka shirya, ka jira sanarwar kamfani da kansa, sannan ka ƙara makonni a kai kafin ka sayi tikitin jirgin sama. Hyperia ya rufe washegarin buɗewarsa sai tsakiyar Yuni ya dawo aiki, kuma Top Thrill 2 na Cedar Point, wanda ya buɗe a Mayun 2024, ya yi aiki na kimanin mako guda ne kafin a rufe shi har zuwa 2025.