Kurakuran da aka fi yi wajen binciken matsalar fulaf na manifol

A cikin manifol ɗin da ke shigar da iska inji, motoci da yawa na zamani suna da waɗansu ƙananan ƙyamare da makanikai ke kira fulaf. Idan inji na tafiya a hankali, sai su tare wani ɓangare na hanyar iska domin iskar ta shiga silinda da sauri tana juyi, ta cakuɗu da mai sosai. Idan aka taka totur, sai su buɗe gaba ɗaya. Aikin ke nan, ba shi da wuyar fahimta. Amma da zarar fitilar gargaɗin inji ta kama saboda su, nan ake fara asarar kuɗi, kuma yawancin asarar daga gaggawa take fitowa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar lambar da kwamfuta ta nuna a matsayin sunan kayan da za a saya. An jona na'urar bincike, ta nuna P2015, an karanta an ga sensa a bayanin, wato abin da ke gaya wa kwamfuta matsayin fulaf, shi ke nan a sayo sensa. Alhali abin da lambar ke cewa shi ne: kwamfutar motar ta umarci fulaf su je wani matsayi, amma rahoton da ya dawo mata bai yi daidai da abin da take tsammani ba. Sau da yawa sensar gaskiya take faɗa, fulaf ɗin ne ba su isa inda aka aike su ba, ko kuma sun zarce. Haka P2004 na nufin sun maƙale a buɗe, P2006 sun maƙale a rufe, P2008 kuwa tana nuni ga layin wutar da ke sarrafa su. Kowace lamba tana nuna maka unguwar da za ka nema ne, gidan kuwa sai ka bi ƙofa-ƙofa.

Gyaran wannan kuskure a hannunka yake. Kashe inji, ka cire ɗan hannun da ya haɗa sandar fulaf da na'urar da ke juya ta, ka motsa sandar da yatsa. Ya kamata ta tafi sumul daga farko zuwa ƙarshe, ta tsaya cak a iyakarta. In ta yi nauyi ko tana cijewa, datti ne a ciki. In tana lilo ko tana girgiza a mazauninta, ta cinye. In kuwa tana tafiya lafiya, to ka bar manifol ya huta, ka koma kan abin da ke juya ta. Wannan gwaji na minti kaɗan yana raba matsalar gida biyu, amma abin mamaki shi aka fi tsallakewa.

Daga nan sai a san wane irin tsari ne a motar, domin ba duka ɗaya ba ne. Waɗansu da ɗan injin lantarki ake juya su, waɗansu da zuƙar iska ta cikin siririn tiyo. A masu tiyo, mutane kan canza manifol sukutum alhali tiyon ne ya tsage, ko robar da ke cikin na'urar ta huje, ko bawul ɗin lantarki da ke sakin zuƙar ya daina aiki. Ɗan famfon gwaji na hannu zai nuna maka: in ka zuƙa, sandar ta motsa kuma ta tsaya a wurin, na'urar lafiya take. In ta koma da kanta, akwai yoyo. A masu lantarki kuwa, duba soket da wayoyi tukuna, ka tabbata wutar bolt 5 da yawancin sensa ke aiki da ita tana isowa. Na'urar bincike mai kyau tana iya ba fulaf umarni kana kallo, ta nuna maka matsayin da aka nema da wanda aka samu gefe da gefe.

Akwai injunan da aka san halinsu, kuma rashin sanin halin kuskure ne mai tsada. A injin dizal 2.0 TDI na Volkswagen da Audi, P2015 kan zo ne saboda wurin da hannun ke tsayawa ya cinye, sai ya wuce iyakar da kwamfuta ta sani. Akwai ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa ya mayar masa da iyakar, ba tare da an taɓa manifol ba. A OM642 na Mercedes, baƙin mai ne ke ɗiga daga robar bakin turbo ya sauka kan ɗan injin lantarki mai juya fulaf da ke ƙasa har ya kashe shi. Wanda ya sa sabo bai toshe yoyon ba, zai sake saye. Na BMW, wato M47 da M57, su ne masu ban tsoro: fulaf kan kwance ya faɗa cikin silinda ya lalata fistin da bawul. Irin wannan inji, in aka ga sanda na lilo, ba a cewa a bari sai wani lokaci.

Sai maganar wanki. Baƙin dattin da ke cika manifol, musamman a dizal, haɗuwar hayaƙin da bawul ɗin EGR ke maidowa ne da tururin baƙin mai daga cikin inji. Su biyun suna zama kamar kwalta. Kada a yi ta kankare shi manifol na jikin inji, domin duk ɓarɓashin da ya ɓalle silinda zai nufa. A sauke manifol, a toshe ramukan kan inji da tsumma mai tsabta, a wanke a waje, a mayar da sabon gasket. Kuma a tambayi dalilin taruwar dattin: EGR ne ke maƙalewa, ko mai ne ke zuwa fiye da kima? In ba a amsa wannan ba, wankin na ɗan lokaci ne.

Cire fulaf ɗin baki ɗaya a toshe gurbinsu, wanda waɗansu ke yi, yana ƙara hayaƙi mai guba, a wasu motocin fitila ba za ta mutu ba, a wasu ƙasashen ma doka ta hana. Ba na ba da shawararsa a matsayin hanyar kauce wa bincike.

Bayan an gama gyara, goge lamba kaɗai bai isa ba. Motoci da yawa suna bukatar a sa kwamfutarsu ta sake koyon iyakar buɗewa da rufewar fulaf ta hanyar na'urar bincike. In aka manta, lambar za ta dawo a kan sabon kaya lafiyayye, mai mota ya ɗauka jabu aka sa masa. A yi wannan saiti, a fita da motar har inji ya yi zafi, a taka ta a hankali a kuma taka da ƙarfi, sannan a sake jona na'ura a duba.