Yadda nake gano manhajar da ta rasa laburarenta bayan sabuntawa

A watan Nuwamban 2022 Arch Linux ya koma OpenSSL 3, sabuwar sigar laburaren da manhajoji ke ɓoye bayanai da shi. Na yi pacman -Syu, umarnin sabunta duk manhajojin kwamfutar, da daddare, komai ya tafi lami lafiya, na kwanta. Da safe na danna wata ƙaramar manhaja da na gina daga AUR (rumbun da masu amfani da Arch ke ajiye umarnin gina manhajoji, ba na hukuma ba), ta yi gum. Sai da na kira ta a taminal sannan ta faɗi damuwarta: libssl.so.1.1: cannot open shared object file.

Manhajoji da yawa ba sa ɗauke da duk kayan aikinsu, aro suke yi daga laburare, wato fayilolin nan masu .so a sunansu. Ranar da aka gina manhaja ake rubuta mata sunan wanda za ta nema, har da lambarsa. Sabuntawa ta kwashe libssl.so.1.1 ta ajiye libssl.so.3, ita kuwa tawa tana nan tana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka rushe. Ƙunshin manhajoji (package) da ke rumbun Arch masu kula da shi sun riga sun sake gina shi. Na AUR kuwa, kai ka gina, kai ke da jinya.

In manhaja ɗaya ce, ldd, mai lissafo laburaren da manhaja ke nema, ya isa:

ldd /usr/bin/sunanta | grep "not found"

Layin da ya fito shi ne abin da ya ɓata. Amma kada ka sa ldd a kan fayil ɗin da ba ka san asalinsa ba, don a wasu yanayi yana iya tayar da shi. A nan objdump -p fayil | grep NEEDED ya fi aminci, karantawa kawai yake yi.

Ni dai ba na jira sai wata ta mutu a hannuna. Bayan kowace babbar sabuntawa ina bin duk abin da ba daga rumbun hukuma ya zo ba:

for f in $(pacman -Qlq $(pacman -Qmq)); do [ -f "$f" ] && ldd "$f" 2>/dev/null | grep -q "not found" && echo "$f"; done

pacman -Qmq yana lissafo baƙin ƙunshi, -Qlq yana zazzago fayilolinsu, ldd ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A tsohuwar ThinkPad ɗina kafin shayi ya huce ya gama. Kada jerin ya tsorata ka. Wasu manhajojin da ke /opt suna tafe da nasu laburaren, wani ɗan rubutu ne ke nuna musu hanya lokacin tashi, ldd bai san da wannan ba sai ya yi ta kuka a banza. Buɗe su ka gani kafin ka taɓa komai. Wanda ba ya son dogon layi ya saka rebuild-detector, umarninsa checkrebuild, yana kama har ƙunshin Python da sabuwar sigar ta bari a baya. 'Yan Gentoo suna da revdep-rebuild tun da daɗewa.

Da ka samu fayil, pacman -Qo zai gaya maka ƙunshin da ya mallake shi (a Debian da Ubuntu dpkg -S ne). Shiga inda PKGBUILD ɗinsa (fayil ɗin umarnin gina shi) yake ka yi makepkg -fsi, ya ginu a kan sabon laburare. In kuma laburaren ne ba ka saka ba tun farko, yi pacman -Fy, sannan pacman -F da sunansa, zai nuna maka inda yake.

Abin da na yi a ranar, kuma ba na so ka yi: na ɗauki ln -s, mai ƙirƙirar mahaɗi zuwa fayil, na laƙaba wa libssl.so.3 tsohon suna. Lambar nan ba ado ba ce, ana canza ta ne don cikin ya canza. Kuskuren ya sauya kama kawai, manhajar ta koma neman OPENSSL_1_1_0 a inda babu shi. Na goge mahaɗin, na sake gina ta, minti huɗu ta tashi.