Mu kai wa tsofaffinmu katin gaisuwa

'Yan'uwa, Disamba ta matso, kun kuma san sanyin Jos. A Gangare, Tudun Wada da Unguwar Rogo akwai tsofaffin da 'ya'yansu suka yi nisa, sai su wuni ba wanda ya leƙo su. Mu kai musu katin Kirsimeti ko na sabuwar shekara, haka ma da Sallah.

Mai unguwa, liman ko fasto su suka san gidajen. A rubuta da manyan baƙaƙe, ido ya yi rauni. Baban da ajami ya iya, a yi masa da ajami. Don Allah kada a aiki yaro ya miƙa ya gudo. Ku shiga, ku zauna, ku karanta wa Iya da kanku. In da hali, a haɗa da safa.