Kafin ka sa hannu a takardar aikin jinya a Ingila

Idan aka miƙo maka kwantiragi, kada idonka ya fara sauka kan kuɗin awa. Nemo inda aka rubuta awa nawa aka lamunce maka a mako, don a nan gizo ke saƙar.

A asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, cikakken aiki awa 37.5 ne a mako. Wani dindindin ne, wani na wata 6 ko 12, galibi don cike gurbin wadda ta tafi hutun haihuwa. Sai kuma abin da suke kira banki, wato jerin ma'aikatan da asibiti ke kira idan hannu ya yi ƙaranci. Ka buɗe manhaja a waya, ka ga dutin daren Asabar babu kowa, ka ɗauka. Ejansi ma haka take, sai dai kamfani ne a tsakani. Kuɗinta kan fi tsoka, amma yau ɗakin tsofaffi, gobe wani gari, kuma ana iya soke dutin kana tashar bas da takalmin aiki a jaka. Mai gidan haya kuwa bai san da wannan ba.

Wanda ya shigo da bizar aikin lafiya ya kula sosai. Zamanka a ƙasar yana rataye ne da wurin aikin da ya ɗauki nauyin bizarka. Banki ko ejansi a wani wurin aiki daban ƙari ne kawai, iyakarsa awa 20 a mako, kamar ɗalibi lokacin karatu. Idan aikin asali ya kuɓuce, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani. Kamfanin da ya rubuta maka cikakkun awoyi ya koma ba ka kwana biyu a mako ya saɓa ƙa'ida, ba alfarma yake maka ba. Adana takardun albashinka, ka tuntuɓi ƙungiyar ma'aikata ta Unison ko ACAS, hukumar ba da shawara da sasanta rikicin aiki.

Aikin jiran kira kuma, tambaya tun farko: nawa ake biya idan wayar ba ta yi ƙara ba? A 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa mai kwana a gidan kula da marasa ƙarfi ba dole a biya shi mafi ƙarancin albashi ba, sai na lokacin da ya farka yana aiki. Saboda haka a rubuta maka kuɗin kwanan a takarda kafin ka amsa.