Kurakuran da aka fi yi wajen sauraron zuciya don gano hawan jinin huhu

Hawan jinin huhu ciwo ne da na'urar awon jini ta hannu ba ta gani, domin matsin yana cikin jijiyar da ke kai jini daga ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu. Mutum zai zo asibiti da haki da kasala da kumburin ƙafa, a auna shi a ce jininsa lafiya lau, a sallame shi da maganin asma. A birnin Kano, inda masu sikila suke da yawa, ga ciwon zuciya na bayan haihuwa, ga waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo a huhu, ga mata masu shaƙar hayaƙin itace shekara da shekaru, kunnen ma'aikacin lafiya ne sau da yawa ke fara tayar da zargi. Saboda haka ya kamata a gyara yadda ake sauraron.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora na'urar sauraro a ƙasan nonon hagu kaɗai, a ji bugun yana tafiya daidai, a ɗauke. Zuciya tana da manyan sautuka biyu, kuma na biyun ya haɗa rufewar ƙyaure biyu, wato marafan da ke hana jini komawa baya: na babbar jijiyar jiki, wanda ake rubutawa A2, da na jijiyar huhu, wato P2. Idan matsi ya yi yawa a jijiyar huhu, ƙyauren nata yana rufuwa da ƙarfi, sai P2 ya yi kauri da amo. Wurin jin sa shi ne tsakanin haƙarƙari na 2 da na 3, daf da gefen hagu na ƙashin ƙirji. A saurara nan, sannan a koma daidai wurin ta dama a kwatanta. Bayan haka a dawo ƙasan nono, domin a mai lafiya P2 ba ya kaiwa can, kuma idan aka ji sauti na biyu ya rabu gida biyu a wannan wuri, akwai dalilin zargi.

Daga nan sai batun numfashi, wanda a ganina shi ne ya fi raba gwani da mai koyo. Da yawa sukan ce wa maras lafiya ya riƙe numfashinsa tun daga farko har ƙarshe, alhali rabuwar A2 da P2 tana bayyana ne lokacin jan numfashi, sa'ad da jini ya ƙaru a ɓangaren dama, rufewar ƙyauren huhu ta ɗan jinkirta. A bar shi ya riƙa ja yana saki a hankali, mai sauraro kuma ya bi ƙirjin da ido. A hawan jinin huhu tazarar takan matse, sautin na baya ya fi ƙarfi, amma idan ɓangaren dama ya fara gajiya takan faɗaɗa. Idan kuwa tazarar ta tsaya cik, ba ta canzawa da numfashi, a yi tunanin huji a bangon da ke tsakanin ɗakunan sama na zuciya. Haka kuma ƙarar shuu ta yoyon ƙyauren dama (wanda ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a ɓangaren dama na zuciya), wadda ake ji a ƙasan gefen hagu na ƙashin ƙirji, tana ƙaruwa da jan numfashi, alamar da likitan Meziko Rivero Carvallo ya bayyana a 1946. Wanda ya hana maras lafiya numfashi ya rasa wannan alama, kuma zai iya ɗora ƙarar a kan ƙyauren hagu, wato takwaransa da ke ɓangaren hagu.

Idan zuciya tana gudu, kamar a mai zazzaɓi ko mai ƙarancin jini, ana rikita sauti na farko da na biyu. Maganinsa a ɗora yatsa a jijiyar wuya: sautin da ya zo tare da bugun jijiyar shi ne na farko. Kuma kada a manta da ɓangaren ƙoƙo na na'urar, wanda ake ɗorawa sako-sako don jin sautuka masu zurfi na uku da na huɗu, waɗanda wani lokaci akan ji ban da manyan biyun. Danna shi da ƙarfi yana ɓatar da su.

Akwai kuma kuskuren ba wa kunne hukuncin da bai kai ba, kuma yana zuwa ta fuska biyu. Yaro ko siririn saurayi yakan nuna P2 mai ƙarfi alhali lafiyarsa ƙalau, domin ƙirjinsa ba shi da kauri. Mai jiki kuwa, ko dattijon da huhunsa ya cika da iska saboda daɗaɗɗen ciwo, zai iya ɗauke da matsi mai tsanani sautin ya fito a dushe. Rashin jin P2 mai ƙarfi ba ya wanke kowa. Dole a haɗa da tafin hannu a gefen hagu na ƙashin ƙirji don jin ko ƙirjin yana ɗagowa da kowane bugu, a duba cikar jijiyoyin wuya, a taɓa hanta, a latsa ƙafa. Abin da sauraro ke haifarwa shi ne tura mutum hoton zuciya na eko, wanda ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A eko ana auna gudun jinin da ke komawa baya ta ƙyauren dama, kuma idan ya wuce mita 2.8 a daƙiƙa zargi yana ƙaruwa. Tabbaci na ƙarshe sai an zura siririn bututu zuwa ɓangaren dama na zuciya an auna matsin kai tsaye. Ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin zuciya da na huhu na Turai ta 2022 ta sa iyakar a sama da milimita 20 na zaiba, bayan an daɗe ana amfani da 25, don haka mai karatu da tsohon littafi ya sabunta.

Na'urorin sauraro masu naɗar sauti da manhajojin da ke tantance shi sun zo da nasu kurakuran. Sautin zuciya mai zurfi ne, don haka janareta da fanka da hon ɗin adaidaita sahu suna binne shi, gogar riga kuma tana shiga naɗin kamar ƙarar ciwo. A kashe fanka, a ɗora na'urar a kan fata, tare da mai rakiya da sutura mai kyau idan mace ce, a rubuta wurin da aka naɗa da yadda maras lafiya yake zaune. Kada a tura naɗin a matsayin saƙon murya na WhatsApp, domin ana matse shi don maganar mutum, sautukan da ake nema su lalace. A tura fayil ɗin yadda yake. Manhajar da aka horar da marasa lafiyan wata ƙasa kuma a karɓi sakamakonta a matsayin shawara har sai an gwada ta a kan mutanenmu.

Kuskuren da ya fi ɗaga mini hankali shi ne tsallakewa daga sauti zuwa magani. Ciwon ya kasu rukuni 5 bisa sanadinsa, kuma wanda ya fi yawa shi ne mai tasowa daga ciwon ɓangaren hagu na zuciya, kamar tsukewar ƙyauren hagu da zazzaɓin gaɓoɓi na ƙuruciya ke jawowa. Ba wa irin wannan mutum sildenafil, maganin da ake ba wasu masu hawan jinin huhu, zai iya ƙara masa ruwa a huhu. A masu sikila ma, an dakatar da wani gwajin wannan magani a Amurka a 2009 saboda ya ƙara musu tashin ciwo. Wanda ya ji P2 mai ƙarfi ya rubuta a takardar turawa wurin da ya ji shi, da yadda ya canza da numfashi, da ko akwai sikila ko haihuwa ta kusa ko tsohon tarin fuka, sannan ya gaya wa mace mai shekarun haihuwa ta ga likitan zuciya kafin ta ɗauki ciki, domin juna biyu da wannan ciwo yana da haɗari ƙwarai ga rayuwarta.