Yadda za ka gwada takardun bayanin laburaren jawo data kafin ka ɗora aikinka a kansa

Masu rubuta kod kullum cikin musu suke a kan TanStack Query da SWR da Apollo Client, wato laburaren kod da ke jawo wa manhaja data daga saba (kwamfutar da ke ajiye data), kowa na cewa nasa ne gaba. Ni dai takardun bayaninsu nake fara dubawa, don ranar da manhaja ta birkice da tsakar dare su za ka koma wa.

Kar ka tsaya a shafin farko, ai kowa ya iya kawo misalin da ke aiki. Nemi inda suka faɗi abin da laburaren ke yi da kansa ba tare da ka sa shi ba. TanStack Query na da shafi guda a kan haka, Important Defaults, a nan za ka ga staleTime sifili ne, wato data na isowa an ɗauke shi ya tsufa, ka leƙa wani shafi ka dawo sai ya sake tambayar saba, in an samu matsala kuma ya sake gwadawa har sau 3 kafin ya nuna maka kuskure. Wanda bai karanta wannan ba wallahi zai ga buƙatu na ta fita ya ɗauka kod ɗinsa ne ya lalace.

Sannan ka tabbatar bayanin sigar da ka saukar kake karantawa. Da siga ta 5 ta TanStack Query ta fito a 2023 an canza sunan cacheTime, saitin tsawon lokacin ajiye data, ya koma gcTime, an kuma cire zaɓin onSuccess daga useQuery, umarnin da ake jawo data da shi, amma tsofaffin darussa na nan birjik a intanet da tsohon sunan.

Gwajin da ya fi muhimmanci a wajena shi ne ka ɓata abu da gangan. Sa saba ta dawo da 500, lambar da ke nuna matsala a saba, ka ga me zai faru. fetch, umarnin aika buƙata zuwa saba, ba ya jefa kuskure a kan 404 (ba a samu abin ba) ko 500, sai ka duba response.ok, mai nuna ko buƙatar ta yi nasara, da kanka, in ba haka ba laburaren zai ɗauka komai lafiya lau ya ajiye shirme. Ka duba ko bayanin ya gargaɗe ka tun kafin ka faɗa ramin.

SWR na kamfanin Vercel bayaninsa gajere ne, a zama ɗaya za ka gama. Apollo kuwa sai in GraphQL, yaren tambayar data daga saba, kake amfani da shi, kuma ka fara da sashen ma'ajiyarsa, inda yake ajiye datan da ya jawo, don da id (lambar shaida) da __typename (sunan nau'in abu) yake gane kowane abu, in ka manta id a tambayarka sai ka sabunta abu allon bai canza ba.