Yadda na gyara gatona mai ƙonewa a ƙasa, tsakiya ɗanye

Littattafan girki na Faransanci da ke zuwa hannunmu a Maradi kusan duk magana ɗaya suke yi: a sa a murhun gashi mai zafin digiri 180. Mu da ke gasawa a tukunya bisa gawayi fa? Gatona ƙasansa ya yi baƙi, tsakiya kamar kunu, ga ƙwai da tsada.

Kwaɓin ba shi da laifi. Gwangwanin yawur shi ne ma'aunina: yawur 1, sukari 2, fulawa 3, mai rabi, ƙwai 3, da ƙullin hodar tashi guda. Matsalar wuta ce, tana dukan gwangwanin gashi ta ƙasa kaɗai.

Sai na samo rairayin Gulbi, na tankaɗe, na zuba a gindin tukunya kaurin yatsu biyu, na rufe ya yi zafi minti 15 kafin kwaɓin ya shiga. Na ɗora gwangwanin bisa ƙananan duwatsu uku don kada ya taɓa rairayin. Babban gyaran shi ne raba garwashi: kaɗan a ƙasa, mafi yawa a kan murfi, saman ma ya samu rabonsa.

'Yar'uwa, don Allah kada ki buɗe murfin kafin minti 30, iska na shiga gaton zai faɗa. Bayan nan ki soka tsinke a tsakiya. In ya fito da danshi, ki ƙara garwashin sama, ki ba shi minti 10.